Baturiyar da ke Cikin Hular Maniru

"Baturiya ta! Ko gaban alƙali anka kai ni haka zan hwaɗi. Baturiya ta, da malahwatta bisa kai!"

"Goggo, ki rage murya don Allah, maƙwabta na ji," na ce.

"Su ji mana! Su ji irin surukin da munka kwaso. Ke kuma bar yi mani tsaye bisa kai awa taɓarya, matso ki ƙara dubawa."

Goggo Tani ke nan, yayar babanmu. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidanmu, babu abin da ke shiga ko fita ba ta shinshina shi ba. Tana tsaye tsakar gida da tsintsiya a hammata, ta ɗaga wani ɗan siririn abu baƙi tana kara shi da rana, ido ɗaya a rufe kamar maharbi.

Ku 'yan waya da kuke turo mini saƙo kuna cewa, "Hajiya Atika, ke ma kin taɓa shan zafin soyayya kuwa?" to ku gyara zama. Wannan abu ya faru a gidanmu na Bodinga, shekarar da Turawa suka ba mu ƙasarmu, ina budurwa, wuyana kamar na barewa. Wadda ba ta yarda ba ta bari, ba rantsuwa zan yi mata ba.

Saurayina sunansa Maniru, ɗan Shagari. Ya yi boko ya gama, aka ɗauke shi Kaduna yana koyon aikin majigi. Ku ba ku san majigi ba. Mota ce take zuwa gari, a kafa farin ƙyalle ƙofar hakimi, a haska, sai ga mutane a jikin ƙyalle suna tafiya suna noma suna wanke hannu. Tsofaffi dodon bango suke ce masa. To shi Maniru ba haskawa yake koyo ba, ɗaukar mutanen yake koyo, da yadda ake harhaɗa su.

In ya zo hutu ya zo zance, wata budurwa ana gaya mata idonta kamar madara, ni ana gaya mini halin fim. Zai zauna bisa tabarma a zaure, farar riga 'yar shara ta sha guga, agogo a hannu, takalmi sau-ciki a gefe, hularsa ya karkata ta, ya ce, "Atika, shi fim kamin a wanke shi ba shi son haske ko kaɗan. In haske ya taɓa shi ya mutu." Shi ya sa, in ji shi, in zai ɗura fim a akwatin ɗaukar hoto sai ya cusa hannuwansa cikin wata baƙar jaka, ya yi aikin da lalube. Akwatin kuma murɗa shi ake yi, a yi masa wani kamar agogo, ya yi ta ƙara kamar kyankyaso cikin ƙwarya har wanin ya ƙare. In an ɗauko sai a aika can nesa a wanko. Sa'an nan a zauna da almakashi da wani man liƙi mai hawa kai, a yanke inda ba a so, a kankare baki da reza, a haɗa da inda ake so. Yatsunsa kullum warin man nan suke. Ni ko ya yi mini daɗi, har ina satar shaƙa.

Goggo kuwa tun ranar da ta leƙa ta katanga ta gan shi hannuwa cikin baƙar jaka, ido a lumshe, baki na motsi, ta sa masa ayar tambaya. "Mutumin kirki mi shika ɓoyewa cikin jakka da rana tsaka?"

Duk da haka Baba ya karɓe shi. Baba, Malam Ummaru, malami ne, yana da makarantarsa a ƙofar gida, mutum ne mai tsantseni, amma ya ce yaron yana salla kan lokaci, iyayensa mutanen arziki ne. An yi magana, an tsayar cewa da an gama yankan gero baffanninsa za su zo daga Shagari da goro a sa rana. Gero kuwa an fara kai shi rumbu. Inna har ta fara turara mini zannuwa.

Sai ga wannan abu.

Kwana ɗaya kafin nan Maniru ya zo da la'asar sakaliya, ya cire hula zai yi alwala a bakin zaure. Ashe abin daga ninkin hular ya faɗo. Da safe Goggo na shara ta tsince shi a nannaɗe. Ta ɗauka laya ce, ta ce bari ta ga irin asirin da aka yi wa ɗiyar ƙanenta. Da ta warware sai ta ga tsawonsa bai fi kamu ɗaya ba, gefensa da 'yan ramuka a jere kamar ɓera mai hankali ya ci.

"Karɓi," in ji ta. "Kara da rana."

Na karɓa. Da farko ban ga komai ba sai 'yan ɗakuna ƙanana a jere. Da na ƙanƙance ido sai ga ta. Mace ce. Fuska fara fat kamar an shafa alli, wuya fari, hannu fari. A kanta ga wani abu mai faɗi. Ta juyo tana dariya, haƙoranta baƙi ƙirin. Kuma ba ita ɗaya ba, kowane ɗaki ita ce, daga sama har ƙasa, tana yi mini dariya.

"Kin gani?" Goggo ta ce. "Haƙora dut sun ruɓe da shan sukari. Haka suke. Kuma duba yawanta! Hoto guda bai ishe shi ba, sai da yac cika igiya da ita. Ke naki nawa gare shi?"

Ba shi da ko ɗaya. Wannan magana ita ta soke ni.

Jama'a, in gaya muku, nan take komai ya dawo mini sabo. Na tuna ran da na tambaye shi ko akwai 'yan mata a Kaduna ya yi dariya ya sosa ƙeya. Na tuna sabulu mai ƙamshi da ya kawo mini, wa ya zaɓa masa? Namiji ya san sabulu? Na tuna yadda yake yawan dafa hularsa in muna hira, ni ina zaton yanga ce, ashe lafiyar uwargida yake dubawa. Mutum ya zauna gabanka yana ce maka "ƙanwata", wata na zaune bisa tsakar kansa!

Inna tana bakin murhu tana tuƙa tuwon dawa, ba ta ɗago ba ta ce, "Yaya Tani, a bi sannu dai. A tambayi yaron."

"A tambaye shi shi ce mi? Shi ce uwatai ta?"

Lokacin ba waya ba saƙo. Amma kafin azahar, dillaliyar unguwarmu da ta shigo da atamfa ta fita da labari, har an ƙara masa gishiri: wai Baturiyar ta haifa masa biyu, ɗaya fari ɗaya wake-wake. Ni kuwa na shige ɗaki na kwanta rub da ciki bisa gadon kara, na cire awarwaron da ya saya mini na jefa ƙarƙashin gado. Can na sauko na laluba na ɗauko, don azurfa ne.

Da Baba ya sallami ɗalibai ya shigo, Goggo ba ta bari ya zauna ba. Ya saurara har ta gama, ya sa tabaransa mai ɗaure da zare, ya duba, ya daɗe yana dubawa. Can ya ce, "A kira mani shi." Maniru yana nan cikin gari gidan abokinsa, hutunsa bai ƙare ba.

Bayan la'asar ya zo. Zaurenmu yana da ƙyaure na langa-langa, irin wanda ake buɗe garwar kananzir a daddale a buga a jikin itace, ko kaza ta goga shi sai unguwa ta ji. Na ji ƙararsa. Na ɗaura zanena baƙi na rini, na yafa mayafi, na laɓe bayan ƙofar ciki. Goggo kuwa shigewa ta yi ta zauna daram, wai ita shaida.

Maniru ya tuɓe takalmi ya durƙusa. "Allah shi gafarta Malam, an wuni lahiya?"

"Lahiya lau. Wanga naka na?"

Ta tsagar ƙofa na ga fuskarsa. Hannunsa ya tafi kan hula da sauri, ya shafa ninkin, ya ji wayam. Wallahi sai da leɓensa ya bushe. Na ce a raina, shi ke nan, an kama ɓarawo da akuya a kafaɗa.

"Nawa ne, Allah shi gafarta Malam."

"Wace ta?"

Sai ya kama gyaran hula.

"Ba ka ji ana tambayakka ba?" Goggo ta karɓe. "Matar wane Bature ta? Ko ɗiyar Joji ce kas samu, mu zo mu yi maka guɗa?"

"Bature?" Ya ɗago yana kallonta. Sai na ga bakinsa yana rawa. Dariya! Dariya ce take son ƙwace masa gaban Baba. Na ji kamar in fito in kwaɗa masa ludayi.

"Goggo, ba Baturiya ba ce. Wannan uwar fim ce."

"Au, har uwa gare ta?"

"A'a. Allah shi gafarta Malam, in an ba ni izini in yi bayani." Baba ya ɗaga masa kai. "Shi abin da ke cikin akwati, in an wanko shi, komai a juye yake fitowa. Fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari. Shi muke ce ma uwa. Sai an ɗora ta bisa wani sabon fim an haska, ta haifi ɗiya, sa'an nan kowa ya koma kamanninsa. Ɗiyar ita ake nunawa a ƙyalle."

Goggo ta tafa hannu. "Ummaru, ka ji ƙarya mai rassa! Yaro, ni za ka yi ma wayon 'yan boko? Na yi jika da kai."

Maniru bai yi musu ba. Ya laluba aljihu ya fito da wani ɗan gwangwani, ya zaro wani guntun, ya miƙa mata da hannu biyu. "Goggo, duba wannan."

Ta je bakin ƙofa ta kara da rana. "Wanga ƙaton baƙin hwa? Awa gawayi. Ga gashi hwari awa tsoho, ga baƙin wando."

"Shi ne Baturen da ke koya mana aiki. Ran nan farin wando ya sa."

Goggo ta sake dubawa. Ta juya shi baya. Ta juya shi ƙasa. "To Allah shi ƙara," in ji ta, "shi ma shi ɗanɗana."

Ni a bayan ƙofa sanyi ya fara sauko mini tun daga wuya. Ba Baturiya! Amma kafin sanyin ya kai ciki sai wani zafin ya taso: in ba Baturiya ba ce, ai baƙa ce irina. Wannan ya fi muni. Baturiya jirgi zai kwashe ta bana, baƙa kuwa tana nan daram.

Ashe Baba lissafin da yake yi ke nan. Ya karɓi guntun na farko, ya gyara tabarau, yana magana a hankali kamar mai biya wa ɗalibi.

"In hwari baƙi na, to wagga mata baƙa ta. Hwarin zanen ga, baƙin rini na. Abin ga na bisa kai ba malahwa ta ba." Ya ƙara matsar da shi. "Ƙwarya ta, da albasa ciki. Haƙoran ga baƙi, hwarare na. Ga kuma wani ɗan hwarin zare tsakiyarsu."

Ya sauke hannu.

"Atika."

Ban san ya san ina wurin ba. Na fito ina jan ƙafa na durƙusa.

"Yi dariya in gani."

"Baba..."

"Buɗe baki nic ce."

Ku da kuka ga hotona a waya kun san wushiryata, har yau tana nan ko da maƙwabtanta sun yi ƙaura. Na yaƙe baki kamar akuyar da ake dubawa a kasuwa. Baba ya dubi bakina, ya dubi fim. Goggo ta fizge ta duba, ta dube ni.

"La ilaha illallahu! Ke ta! Ja'ira, tun da sahe kina kuka kina zagin kanki!"

Sai a lokacin na tuna. Da rani an aike ni Danchadi gidan kawuna, lokacin cirar albasa. Muna fadama sai ga mota, ga Bature, ga akwati mai ƙafa uku, ga Maniru yana murɗa shi, wai suna ɗaukar majigin noman albasa don a koya wa manoma. Na ɗauko ƙwarya na bi ta kan kunya zan wuce. Jakin kawu ya ture wa Bature kujera, na juyo ina dariya. To, hanyar gida ba ta nan take ba, wannan gaskiya ne. Amma fadama ai ta kowa ce.

Na saci kallon Maniru. Kenan duk watannin nan ni ce a cikin hular. Ni yake dafawa. Wani abu ya narke mini a ƙirji kamar man shanu a tuwo mai zafi. Da a ce nan aka tsaya, da yau labarin ya ƙare da guɗa.

Amma Baba bai yi dariya ba.

"Da izinin wa kaɗ ɗauki ɗiyata?"

Maniru ya sunkuyar da kai. "Ban nemi izini ba, Allah shi gafarta Malam. Kuskure ne. Ina kan koyon bin mai tafiya da akwati, sai ta gitta. Da aka wanko, Bature ya ce duk aikin babu wuri mai kyau kamar nan, a nan za a rufe fim ɗin. Ni kuwa na ce matar da zan aura ba za a kafa ta a ƙyalle ƙartin Arewa duka suna kallo ba. Ran da aka ba ni uwar in share mata ƙura, na sa almakashi na cire wurin, na liƙe. In an gane, aikina ya tafi."

"Uhm," in ji Goggo. Ta ɗan sassauta, amma hancinta bai daina aiki ba. "Tsaya. Kac ce uwa ta kan haihu."

"Haka ne."

"To wagga, kamin ka yanke ta, ta haihu ko ba ta haihu ba?"

Kai, Goggo! Allah ya jiƙanta, da ta yi boko da lauya za ta zama.

"Ta haifi guda. Ta gwaji, wadda muke koyon yanka da ita."

"Tana ina?" in ji Baba.

"Da tana cikin gwangwani a ofis."

"Da?"

"Da zan taho na ji ana cewa finafinan da aka gama ba su iso ba, ga bikin 'yancin kai ya matso, kowace mota ana son ta fita da abin nunawa. Sai Bature ya ce a ba wata mota ɗiyar nan ta gwaji."

"Wace mota?"

Ba sai ya amsa ba. Tun sati ya kama sankira ke yawo da ganga yana shela cewa majigi na tafe, zai kwana Shagari, ya kwana Lambara, ranar jajibirin biki a kafa shi ƙofar hakimin Bodinga. 'Yan makarantar boko har an raba musu 'yan tutoci kore da fari.

"Ka sani," Goggo ta nuna shi da tsintsiya. "Tun da kaz zo ka sani, kay yi shiru kana sha muna hura."

"Ina neman dabara ne, Goggo. Mai motar ba ya barin kowa ya taɓa gwangwanayensa."

Baba ya naɗe guntun fim ɗin a hankali ya sa a aljihun gaba. Bai ɗaga murya ba, shi ba ya ɗagawa.

"Maniru, ni ba ni da dukiya. Abin da ag gare ni garin ga, in na wuce a ce ga Malam. In huskar ga ta hau ƙyalle ƙohwar hakimi, tana yaƙe haƙora gaban ɗalibaina da uwayensu da 'yan kasuwa, ka hwaɗa ma baffanninka su ci goronsu can Shagari. In ba ta hau ba, maganarmu na nan. Ka ji ni?"

"Na ji, Allah shi gafarta Malam." Ya ɗago, idonsa ya yi ja. "Yau motar take kwana garinmu. In na samu keke zan riske ta. Ko me zai faru zan yanke. Goggo, a ara mini almakashi."

Goggo ta kwance bakin zane ta ciro ɗan almakashinta na yankan farce ta miƙa masa, har da cewa a dawo mata da abinta.

To a nan ne, jama'a. Ni dai ina durƙushe ina jin su. Amma tun da aka ce Bature ya ce duk fim ɗin babu wuri mai kyau kamar nawa, wani abu ya shiga kaina ya ƙi fita. Ni da ban taɓa ganin kaina ba sai a ɗan madubin Inna mai tsaga, wanda in ka ga ido ba ka ganin haɓa. A ce ni ce a ƙyalle, tsawona ya kai na zaure, ina tafiya, ina juyowa, da kamannina na gaskiya ba fatalwar nan ba. Kuma a sa almakashin farce a datse, a jefar, ban gani ba.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Ba a bari in gani ko sau guda, kamin a yanke?"

Goggo ta dafe ƙirji. Baba ya juyo gaba ɗaya yana dubana ta saman tabarau. Amma ba su na ji tsoro ba. Maniru ne. Yana tsaye da almakashi a hannu, yana yi mini irin kallon da na wuni ina yi wa Baturiyarsa.

"Atika," ya ce, a gaban Baba, ko kunya babu. "Hanyar gidan kawunki ta bayan rijiya take. Me ya biyo da ke ta gaban akwati?"

Na ce, "Jaki ne..."

"Kafin jakin."

Na dubi ƙasa.

"Na sa aikina a wuta don kada a kalle ki," ya ce. "Ashe ke so kike a kalla."

Ya jefa almakashin a aljihu. Bai ce zai yanke ba, bai ce ya fasa ba. Ya zura takalmansa ko ɗaure igiya bai yi ba, bai yi wa Baba sallama ba, ya fita ya maka ƙyauren langa-langar nan da ƙarfin da sai da ƙasa ta zubo daga azara a kan mayafina.